Jinyar wuyan Auta, daga Tawa zuwa Yamai

Litinin, 11 Nuwamba 2024, Tawa

Jiya Lahadi, ranar kasuwa, ƙanena Auta ya faɗo daga saman mota. Lodin buhunan wake suke ɗaurewa, yana sama yana jan igiya, igiyar ta tsinke, ya taho da baya ya sauka a kan ƙeya. Waɗanda ke wurin sun ce bai jima a ƙasa ba ya miƙe da kansa. Ba jini, hannu da ƙafa duk suna motsi. Aka ce Allah ya kiyaye, aka ɗora shi a kan kabu-kabu aka kai shi gida. Kabu-kabu fa!

Ni sai bayan la'asar na isa. Na tarar da shi zaune bakin gado ya tallabe haɓa da hannu biyu, in zai dube ka sai ya juyo da jiki gaba ɗaya. Ya ce, "Yaya, in na saki kan nan ji nake zai faɗi." Inna ta riga ta aika a kira maɗori, wani dattijo da ya gaji ɗori kaka da kakanni. Ya zo ya zauna, ya daɗe yana kallon yadda Auta ya riƙe kai, ko taɓa shi bai yi ba. Can ya ce da Inna, "Hajiya, hannu da ƙafa aikina ne, wannan kam ba nawa ba ne. Ku kai shi gidan likita, kuma a kwance." Kawu bai ji daɗin maganar ba. Shi a ganinsa targaɗe ne, a ja a murza da man shanu, gobe mutum ya koma aiki.

Ƙyauren ɗaki muka ciro muka kwantar da shi a kai, muka sa a bayan motar wani maƙwabci. A asibiti, majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, na ganinsa ya ce kada kowa ya kuskura ya tayar da shi zaune. Ya sa na sayo kwala mai tauri ta tsare wuya a farmasi, ya ɗaura masa da hannunsa, wani na riƙe da kan. An yi hoton wuya ta gefe amma bai fito sosai ba, sai an sake. Kwala jika 18, wato sefa dubu 18, hoto da magani jika 9.

Talata, 12 Nuwamba

An sake hoto, wannan karon ta baki. Yana kwance ya wangame baki aka ɗauka ta tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Likita ya ce ƙasusuwa biyu na can sama muƙamuƙi da gindin ƙoƙon kai suna rufe su, shi ya sa ake bi ta nan. Ya ɗaga hoton wajen taga ya sa bakin biro a kan wani siririn baƙin layi. Kimiyyar halittu nake koyarwa a kwaleji, kowace shekara sai na gaya wa yara ƙasusuwan wuya bakwai ne, amma yau na fara ganin abin a jikin ɗan'uwana.

Ya gwada ƙarfin hannu da ƙafa, ya bi shi da tsinin allura daga kafaɗa har tafin ƙafa, ya tambayi yadda fitsari yake. Komai daidai, sai dai yatsun hannun dama da ke ɗan sagewa. Ya ce sai Yamai, wurin likitocin tiyatar kai da laka, a kwance, cikin motar asibiti. Kawu ya kawo shawarar a kama masa kujera biyu a bas ya jingina, ai ya fi araha. Likitan ya dube shi ya ce, "Alhaji, rami ɗaya ya isa." Daga nan ba a sake maganar bas ba.

Hoto jika 6. Man mota da kuɗin direba da ma'aikacin jinya mai rakiya jika 140.

Laraba, 13 Nuwamba, Yamai

Kusan kilomita 550 ne. Mun fito bayan asuba, muka bi Badagishiri, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, muka shigo Yamai gab da magariba, don direban lallaɓawa yake duk inda hanya ta ɓaci. Matar Auta ta kwana tana ɗinka ƴan jakunkuna biyu da tsohon zane, ta cika su da rairayi. Su aka tokare kan da su hagu da dama, aka ɗaure goshi da jikin gadon.

Bayan mun wuce Dogon Dutsi amai ya taso masa. Mutum kwance rigingine, kai ɗaure, in ya yi amai a haka cikin huhu zai koma. Ma'aikacin jinyar ya buga wa direba ya tsaya, ya koma wajen kai ya kama shi da hannu biyu, yatsunsa har kan kafaɗa, ni ya sa ni a ƙirji, direba a ƙugu. Ya ce shi mai riƙe da kai shi kaɗai ke ƙirgawa, kuma kai da kafaɗa da ƙugu tare za su juya, kada wani ya riga wani. Ya ƙirga uku muka mirgina shi gefe. Ya amayar da kunun da ya sha, aka goge, aka sake ƙirgawa aka mai da shi. Ya ce in riƙe wannan da kyau, don da shi za mu riƙa juya shi har sai an ce ya tashi.

An karɓe mu, an ba da gado.

Juma'a, 15 Nuwamba

Jiya aka yi sikana, wato hoton na'ura mai nuna ƙashi dalla-dalla, jika 45. Yau babban likitan ya zaunar da ni gaban kwamfuta. Zan rubuta abin dalla-dalla saboda ƴan'uwa na Abijan da ke ta kira suna cewa, mutumin da ya tashi da ƙafarsa me ya kai shi Yamai.

Ƙashin wuya na farko, C1, zobe ne, a kansa ƙoƙon kai ke zaune. Na biyu, C2, yana da wani tsini da ya miƙe sama ya shiga cikin zoben, odontoyid suke rubutawa a takarda. Kamar turke ne da aka zura wa zobe, zoben yana kewaya shi. Kusan rabin waiwayen da mutum ke yi hagu da dama a wannan gaɓa yake. Bayan turken akwai wata jijiya mai ƙarfi da ta gitta ta danne shi a jikin zoben, bayanta kuma sai laka.

Tun 1974 wasu likitocin Amurka biyu, Anderson da D'Alonzo, suka kasa karayar turken nan kashi uku. Na ɗaya, ƙololuwar ce kawai ta ɓantare, ba kasafai ake ganinsa ba. Na uku, karayar ta nutsa cikin jikin C2, inda ƙashi ke da faɗi da wadatar jini, yawanci yakan haɗe ba tare da tiyata ba. Na biyu kuwa a daidai gindin turken ne, inda ya fi siranta. Fuskar da za ta haɗu ƙarama ce, jini kaɗan ke isa wurin. Shi aka fi samu, shi ne kuma mai taurin kai. Na Auta ke nan, kuma ya zame gaba da milimita 6.

Ma'anar haka, kai da zobe da guntun turken da ya karye sun zama abu ɗaya, suna zamewa a kan C2, ba abin da ke riƙe su sai tsoka da ƴan jijiyoyi. Ashe tallabe haɓar nan da yake yi ba raki ba ne.

Na tambaya, to yaya aka yi bai shanye ba? Likitan ya auna mini cikin zoben, gaba zuwa baya wajen santimita 3. Kashi ɗaya cikin uku na turke ne, ɗaya na laka, ɗaya kuma sarari ne. Sararin nan shi Auta ya ci, saura kaɗan ya ƙare. In laka ta tsinke a wurin, ba shanyewar hannu da ƙafa kaɗai ba ce. Jijiyoyin da ke motsa babbar tsokar numfashi daga C3 zuwa C5 suke fitowa, wato ƙasa da wurin, don haka numfashi ma tsayawa yake. Irin waɗannan da dama ba sa isowa asibiti da rai.

Abin da ke damuna, kullum haka muke yi in an yi hatsari a kan titi. A janyo mutum ta hannu, a zaunar da shi, a kwara masa ruwa, a girgiza masa kai ana kiran sunansa. Duk cikin tausayi ne, amma wanda ya bugu a kai yana kukan wuya, barinsa kwance da riƙe masa kai ya fi masa wannan tausayin. Tashi da ƙafa ba shaidar komai ba ce.

Asabar, 16 Nuwamba

An kai shi wani asibitin kuɗi an yi hoton IRM, wanda ke nuna jijiya da laka, jika 110. Jijiyar da ke bayan turken ba ta tsinke ba. Laka ta ɗan matsu amma ba ta ji rauni ba. Alhamdu lillahi.

Litinin, 18 Nuwamba

Jiya suka sa masa ƙarfen jan kai. Aka aske gefen kai, aka yi allurar kashe zafi, aka ɗaura wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsini biyu, kowane tsini ya kama ƙoƙon kai sama da kunne kaɗan. Igiya ta bi ta kan gado, aka rataya nauyin kilo 2, daga baya aka ƙara zuwa 4, kowane ƙari sai an sake gwada hannu da ƙafa. Hoton yau ya nuna zamewar ta koma milimita 2, sagewar yatsun ma ta tafi. Inna da aka tura mata hoton ta waya kuka ta yi, ta ce wa zai huda kan mutum yana raye. Shi kuwa Auta cewa ya yi tun ranar da ya faɗo bai ji sauƙin wuya irin na yau ba.

Sai maganar abin da za a yi. Hanya uku likitan ya shimfiɗa.

Ta farko, ba tiyata. A tsare wuyan mako 12 ko fiye. Akwai wani zoben ƙarfe da ake kafawa a ƙoƙon kai da kusoshi huɗu a haɗa shi da riga mai tauri, halo suke ce masa, a Amurka aka fara amfani da shi a 1959. Inda babu shi rigar filasta ake yi, daga kai har ƙugu. Matsalar ita ce karaya irin ta biyu takan ƙi haɗewa, musamman in zamewar ta wuce milimita 5, ko mai ita ya haura shekara 50, ko yana shan taba. Shekarun Auta 34, amma sauran biyun duk yana da su. Kana iya shan wahalar wata uku a buɗe a tarar ana nan inda ake.

Ta biyu, a bi ta gaban wuya a sa kusa mai zare ɗaya ta ratsa jikin C2 ta kamo turken. Wannan ita kowa zai so, don waiwaye ba ya raguwa. Amma likitan ya ce su da suka yi karatu da littattafan Faransa suna duba inda layin karayar ya karkata, bisa tsarin wani likitan can, Roy-Camille. In layin ya gangaro ta baya, kusar tana gitta shi ta matse. In ya gangaro ta gaba, kamar na Auta, kusar da layin hanya ɗaya suke bi, kana ɗaurewa guntun na ƙara zamewa. Saboda haka wannan ta fita.

Ta uku, a bi ta ƙeya a haɗe C1 da C2 gaba ɗaya. Kusoshi biyu a C1, biyu a C2, sanduna biyu su haɗa su, a ɗebo ƙashi daga ƙugunsa a shimfiɗa a wurin ya tsiro su zama ɗaya. Wani likitan Indiya, Goel, ya bayyana dabarar a 1994, Harms na Jamus ya kawo ta da sanduna a 2001. Tana riƙewa sosai, amma waiwayen wannan gaɓa ya tafi ke nan har abada. Akwai kuma haɗari, don manyan hanyoyin jini biyu da ke kai jini bayan ƙwaƙwalwa suna bi ta cikin gefen ƙasusuwan nan, dab da inda kusa za ta shiga.

Auta na kwance yana kallon rufi yana saurare. Da aka gama ya ce, "Likita, to zan iya sallame sallah?" Likitan ya yi murmushi ya ce, "Za ka iya, sai dai kafaɗa za ta taya ka." Ya ce a yi. Ni ma a ganina ita ce. Mai ƙarfin dako ba zai zauna da wuyan da ba a tabbatar ya haɗe ba.

Laraba, 20 Nuwamba

An yi sikana da allurar rini don a ga yadda hanyoyin jinin suka bi a wuyansa, jika 60. Ba su kauce ba, akwai wurin kusa.

Ƙarafunan mu za mu sayo, na titaniyom ne, miliyan 1 da jika 150. Rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi da aka fara ranar 1 ga Satumba ya taimaka mana a gado da gwaje-gwaje, amma waɗannan wurin ɗan kasuwa za mu saya, ba ruwansa da rangwame. Kayan ɗakin tiyata da magunguna an rubuta mana na jika 210.

Ƴan'uwa na Abijan sun turo jika 700. An sayar da sa a gida, 380, da an jira da ya fi haka, amma mai saye ya san matsuwa ce. Mai motar da ya faɗo a kanta ya kawo 200 ba tare da an tambaye shi ba. Abokan aikinsa na tasha sun haɗa 125, yawanci tsofaffin takardun jika ɗaya da tsaba, ƙulle cikin leda. An sa aiki gobe.

Juma'a, 22 Nuwamba

Ba a yi ba. Daren Laraba zazzaɓi ya rufe shi, jiki ya haura 39, yana karkarwa har igiyar nauyin na lilo. Wannan karkarwar ta fi komai tayar mini da hankali, na tsaya na riƙe masa kai har ma'aikaciyar jinya ta zo. Gwajin jini ya nuna zazzaɓin cizon sauro. Mai allurar barci ya ce ba zai sa mutum barci da wannan zafin jikin ba, ba kuma za a sa ƙarfe a jiki ba sai an tabbatar ba wata cuta a jini. An fara allurar artesunat ta jijiya, jika 22 har da gwaji. Gidan sauro dai an ɗaura, amma igiyar jan kai tana ɗage gefe ɗaya, ta nan suke shiga. Na toshe wurin da rawani.

Wata matsalar kuma, da muka mirgina shi don goge baya sai muka ga fatar ƙeya da ta gindin baya sun yi ja, in ka danna jan ba ya washewa. Majo ya ce farkon gyambon kwanciya ke nan. Yanzu duk awa biyu sai an ɗan karkata shi, a share gumi, a miƙe zanin gado kada ya nannaɗe. Aikin mutum uku ne, dare da rana. Ƴan jinyar gadajen kusa suna kama mana, mu ma muna kama musu. Akwai wani Bazabarme mai jinyar mahaifinsa, ba ya jin Hausa sosai, amma ƙirga uku kowa ya iya.

An buƙaci jini leda biyu a ajiye. Ni da ɗan kawu mun bayar.

Lahadi, 24 Nuwamba

Zazzaɓi ya sauka. Yana cin dambu da fura, ta bututun roba yake shan furar, a kwance, kaɗan-kaɗan kada ya shaƙe.

Sallah ta dame shi, gani yake ba ta yi ba. Wani malami da ya zo duba ɗan'uwansa ya karanta masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, cewa a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Ya ce shi da ko gefen ba shi da iko, ya yi a yadda yake, kada ya ce zai sunkuyar da kai. An kawo masa dutsen taimama.

Juma'a, 29 Nuwamba

Jiya aka yi aikin. Sun shiga da shi wajen ƙarfe 8 na safe, ba su fito ba sai bayan azahar. Mai allurar barci ya gaya mini tun da farko cewa sa bututun numfashi shi ne wuri na farko mai haɗari, don bisa al'ada ɗaga haɓa ake yi a tanƙwara wuya baya, shi kuwa ba dama. Da na'ura mai ƴar kyamara suka sa, wani na riƙe da kai. Na biyu shi ne kifa shi rub da ciki a kan teburin aiki.

Da ya farfaɗo abin da likita ya fara cewa shi ne, "Matse hannuna. Motsa yatsun ƙafa." Ya matse, ya motsa. Na fita waje na kira Inna, na kasa magana, sai ɗan kawu ne ya karɓi wayar.

Yau na ga hoton bayan aiki. Kusoshi huɗu, sanduna biyu gajeru, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba. Miliyan ɗaya da wani abu ke nan. An cire ƙarfen jan kai, an mai da kwala. Leda ɗaya ta jini aka ƙara masa.

Abin mamaki, ba wuya yake kuka da shi ba, ƙugu ne, inda aka ɗebo ƙashi. Gefen ƙeyarsa na hagu kuma ya mutu, ba ya jin taɓawa. Likita ya ce jijiyar C2 ce, a kan hanyar kusar take, dole a ture ta gefe, sau da yawa jin yakan dawo a hankali.

Litinin, 2 Disamba

Tun Asabar aka zaunar da shi, jiri ya ɗebe shi aka mai da shi. Jiya ya tsaya. Yau ya taka har ƙofar ɗaki ya dawo, mai kine, wato ma'aikacin da ke koya wa majinyata motsa jiki, na riƙe da shi. An koya masa tashi daga kwance: ya mirgina gefe tukun, ya sauke ƙafafu, ya tura jiki da hannu. Ni zan koma Tawa saboda yara na da jarrabawa, ɗan kawu zai zauna da shi.

Juma'a, 6 Disamba

An sallame shi. Yana gidan gwaggo a unguwar Bukoki, nan Yamai, don likita ya ce kada ya yi nisa sai an cire zare. Gado da gwaje-gwaje jika 75. Kwala ta biyu jika 18, saboda in ana wanke soson ɗaya a sa ɗayar.

Laraba, 11 Disamba

Ciwon ƙugu ya kumbura, ya yi ja, yana fitar da ruwa. Ɗan kawu ya turo mini hoto na ce su koma asibiti a ranar. Tsorona kada ƙwayar cuta ta kai ga ƙarfe, don in ta kama ƙarfe magani kaɗai ba ya isa, wani lokaci sai an sake buɗewa. Likita ya duba na wuyan, a bushe yake lafiya lau. Na ƙugun ya kwance zare biyu ya matse, ya ɗauki ruwan don gwaji, ya ce a sama yake, bai yi zurfi ba. Wanki kullum da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 10, jika 38.

Garin bincike aka gano a cikin jakarsa akwai ƙwayoyin da wani mai zuwa gaisuwa ya sayo masa wurin ƴan tebur, diklofenak da tramol. Likitan ya yi faɗa sosai. Ya ce dangin diklofenak suna iya rage saurin haɗewar ƙashi, shi ya sa tun farko bai rubuta ba, tramol ɗin kan titi kuwa ba wanda ya san ƙarfinsa, ga shi da kama mutum. Masu dubiya dai kowa da maganinsa yake zuwa, daga mai rubutun sha sai mai man jimina. Na ce wa gwaggo rubutu a bar shi ya sha, mai a shafa a ƙafa in ana so, amma ƙwaya ko ɗaya kada ta shiga bakinsa sai wadda ke cikin takardar likita, kuma ba mai taɓa wuya.

Litinin, 16 Disamba

An cire zaren wuya. Ƙugu na bushewa.

Juma'a, 27 Disamba, Yamai

An yi hutun makaranta na dawo. Ya yi ƙiba, yana zagaya unguwa da ƙafa safe da yamma, dare kuma ana kallon kokowar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, a talabijin. In an yi kaye sai ya zabura, gwaggo ta daka masa tsawa.

Na ji warin taba a rigarsa. Da na matsa ya ce kara ɗaya ne, sanyi ne ya dame shi. Wannan ta fi ɓata mini rai fiye da komai tun da aka fara, don likita ya yi masa bayani a gabana: kusoshin riƙo kawai suke yi kafin ƙashi ya tsiro, taba kuwa tana tsuke ƙananan hanyoyin jinin da sabon ƙashin ke rayuwa da su. In bai tsiro ba, wata rana ƙarfe zai gaji, ko ya yi sako-sako ko ya karye. Na ce masa, "Auta, san Inna aka sayar." Bai ce komai ba. Da dare ya ba ɗan kawu sauran kwalin. Na sayo masa goro da aya, baki ya samu abin yi.

Ƙarƙashin haɓa kwala ta goge fata. Muna sa ƙyalle mai laushi, ana aske gemu yana kwance, a buɗe rabin gaba kawai, wani na riƙe da kai.

Alhamis, 9 Janairu 2025

Mako 6 da aiki. Hoto jika 8, kusoshi na nan inda aka sa su. An yarda ya koma Tawa a mota, zaune, da kwala, a riƙa tsayawa yana miƙe ƙafa. Ba babur, ba amalanke, ba ɗaukar abin da ya fi butar alwala. Jin ƙeya ya fara dawowa, yana cewa wurin na yi masa ƙaiƙayi.

Lahadi, 26 Janairu, Tawa

Ba wani sabon abu. Yana zuwa masallaci, a kan kujera yake sallah. Zaman banza ya ishe shi, yakan je tasha ya zauna ana hira. Tsohon maɗorin ya zo dubiya, ya nemi a nuna masa hoton kusoshin, ya daɗe yana juya shi, ya tambayi ta ina suka shiga. Taba dai, a iya sanina, babu.

Juma'a, 21 Fabrairu, Yamai

Jiya mako 12 cif. An yi sikana, jika 45. Ƙashin da aka shimfiɗa tsakanin C1 da C2 ya fara kamawa sama da ƙasa, likita ya nuna mini inda fari ya haɗe. Layin karayar turken har yanzu ana ɗan ganinsa, ya ce wannan bai dame shi ba, tunda in bayan ya haɗe gaɓar ba ta da sauran motsi. Bai ce an gama ba. Ya ce ƙashi irin wannan yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara kafin ya yi ƙwari sosai.

Kwala za a yaye ta a hankali cikin mako biyu, a fara cirewa awa ɗaya a cikin gida, a riƙa ƙarawa, don tsokar wuya ta yi rauni. Da aka cire ta a gaban likita hannunsa ya tafi haɓa da kansa, sai da aka ce ya sauke. Ɗaga kai da sunkuyarwa ba laifi. Waiwaye kuwa ko rabi bai kai ba, mai kine ya ce in tsoka ta saki ƙasusuwan ƙasa za su ɗan ƙara masa, amma kada a ja, kada a murɗa. Wurin tsallaka titi sai ya koyi juyowa da jiki. Azumi ya ƙarato, an ce ba abin da zai hana shi.

Dako da hawa saman mota sun ƙare, kaya a ka kuwa har abada. Shugaban tasharsu ya ce zai ba shi rubuta lodi da ƙirga buhu. Kuɗin bai kai na da ba, shi ma bai so ba, amma ya karɓa.

Lissafi zuwa yau, har da abinci da kuɗin mota, miliyan 2 da jika 100 da ƴan kai. Matarsa ta sayar da tumakinta biyu, dangi sun ƙara abin da ya sawwaƙa, saura bashin jika 400 da na ci wurin wani abokin aiki. Na Abijan sun ɗauki rabi, ni zan riƙa biyan jika 40 duk ƙarshen wata. Kine sau biyu a mako a Tawa, ban san kuɗinsa ba tukun sai ranar Litinin.

Komawa asibiti ƙarshen Mayu. Hoto biyu za a yi ta gefe, ɗaya ya sunkuyar da kai, ɗaya ya ɗaga, a gwada ko akwai sauran motsi tsakanin C1 da C2. Sai an ga wannan za a yi maganar hawa babur.